Fatun Cikin Firjin Hajiya

Shekara tara na yi ina tuƙi a gidan Alhaji a Riyad, ban taɓa goga motarsa a jikin komai ba. In na kulle mota sai na ja hannun ƙofa sau biyu, wani lokaci in kai har ɗaki in sake dawowa in duba. Ina faɗin wannan tun da wuri don a san ni ba mai ganganci ba ne. Duk da haka ni ne na lalata kayan gasar ɗan Alhaji ana saura mako guda ya tashi, kuma da kyakkyawar niyya na yi.

Alhaji Bakano ne, babban ma'aikacin gwamnatin ƙasarsu. Kafin a kawo shi Riyad ya yi shekaru a wata ƙasar Turai mai duwatsu da sanyi, can ɗansa ya girma. 'Ya'yan mutane kan dawo daga Turai da digiri, wasu da mata. Shi da katako biyu ya dawo, dogaye, sirara, masu lanƙwasar baki.

Ga yadda sana'ar tasa take, kamar yadda na gani a waya. Ana samun dogon dutse da dusar ƙanƙara ta rufe. A gefensa akwai kujeru masu tafiya a jikin igiya, suna kai mutane sama a zaune. Su 'yan wannan wasa ba sa hawan kujerun. Sai su ɗaura katakan a ƙafa su hau dutsen da gudu, harshe a waje. In sun kai ƙololuwa, maimakon su zauna su kalli abin da suka sha wahalar zuwa gani, sai su juyo su sulalo ƙasa kamar an biyo su da sanda. Wanda ya riga kowa dawowa inda aka fara, shi ne gwani. Kuma ɗan Alhaji gwani ne, wannan ba zan rage masa ba. Lambobin yabonsa suna nan a kabad ɗin Hajiya, a tsakanin tangaran ɗin da ba a cin abinci da su.

In ƙanƙarar can ta narke yakan zo Riyad ya yi wata biyar ko shida, don Alhaji ya ce ba zai ci gaba da ɗaukar nauyin ɗan da ba ya gani ba. To a garin da nake kama sitiyari da tsumma saboda zafi, a nan yake shirin ƙanƙara, ni kuma ni ne direban shirin.

Ana idar da sallar asuba muke fita bayan gari, wata hanya mai hawa a gindin duwatsu. Sai ya sa wasu kaya da suka matse shi kamar zuba shi aka yi a ciki, ya ɗaura gajerun katakai masu taya, ya riƙe sanda biyu, ya kama hanya. Ni ina binsa a baya da mota a hankali, fitilun gargaɗi suna ƙiftawa. Wata rana wani tsoho mai kiwon raƙuma ya tsayar da ni, ya leƙo ta taga ya tambaye ni da Larabci wace cuta ce ke damun bawan Allahn nan. Na ce masa ba cuta ba ce, motsa jiki ne. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya koma wurin raƙumansa.

Ran Talata da Alhamis kuwa wani dogon bene muke zuwa, inda abokin Alhaji yake da ofis. Shi ya bi matakala da buhun shinkafa a jakar baya, ni in shiga lif da gorar ruwa in jira shi a sama. In ya iso mu sauko tare a lif, ya sake komawa matakala. Sau takwas. Maigadin wurin, wani Basudane, bai taɓa fasa gaya mana cewa lif ɗin lafiyarsa ƙalau ba.

A gida ma ba hutu. Tuwon Hajiya sai ya ɗora shi a kan sikeli kafin ya ci, in ya wuce ya gutsure ya mayar, Hajiya tana kallo tana cewa ita a rayuwarta ba a taɓa auna mata tuwo ba sai ɗan da ta haifa. Ayaba da dabino kwali-kwali nake ɗauko masa daga kasuwar Aziziya. Yana da agogon da ke gaya masa da safe ko ya yi barci mai kyau, mu kuwa a Damagaram mutum da kansa yake sanin ya yi barci. A kan gadonsa akwai tanti na leda da wata na'ura mai gurnani. Kowa a Riyad na'urar ƙara iska yake saye, shi mai ragewa ya saya, wai don jininsa ya zaci a kan dutse yake. Mai horar da shi ban taɓa ganinsa ba, wata murya ce ta tsohon Bature a waya, ba ta gaisuwa, sai lambobi.

Amma yaron kirki ne, in za a kira mai shekara ashirin da takwas yaro. Baba yake ce mini, kuma bai taɓa barina na ɗauki jakarsa ba. Matsalarsa ɗaya, Hausarsa ta kicin ce, wadda ya tsinta a bakin mahaifiyarsa. In zai yi maganar sana'arsa sai ya ɗauko kalmar Turawa ya juya ta yadda ya ga dama ya miƙo maka.

A shekarar da nake magana, Alhaji ya gaji. Ya ce akwai gasa a farkon sanyi wadda ake tace waɗanda za su je babbar gasa. In yaron ya tsallake, shi ke nan, ya ci gaba. In bai tsallake ba, akwai kujera a wani ofis da aka yi shekara biyu ana ajiye masa, zai zo ya zauna a kai kamar ɗan kowa. Duk gidan mun san da wannan.

A aljihun ƙasa na firjin Hajiya akwai wata baƙar jaka da ba mai taɓawa. Wata rana na tambaye shi mene ne a ciki.

"Fata ce, Baba."

"Fatar me?"

"Akuya. Ana sa ta ƙarƙashin katako in za a hau. Gashin yana kwanciya gefe ɗaya, in ka tura gaba ya sulale, in za ka zame baya ya riƙe."

"To me ya kai ta firji?"

"Zafi yana ɓata ta. Waɗannan biyun su ne mafi kyau da nake da su. Sanyi biyu na yi ina takawa kafin su zama haka. Sabuwa ba ta gudu kamar su."

Maganar ta zauna mini. Ni ɗan majema ne. Ubana majemi ne a Damagaram, kakana ma haka, kafin in gama firamare na iya riƙe kartaji, wuƙar da muke kankare fata da ita. Kuma abu na farko da ɗan majema yake sani shi ne, fatar da aka jeme ba ruwanta da zafi. Buzun kakana ya shekara arba'in a ɗakin kwano bai yi komai ba. Fatar da take neman sanyi ɗanya ce. Wato Turawan nan, da duk jiragensu, ba su gama aikin ba suka sayar wa yaron mutane.

Ana saura kwana goma sha biyu tafiyarsa Turai, ya tafi duwatsun kudancin ƙasar don ya yi gudu a inda iska ba ta da yawa. A filin jirgi ya juyo ya ce, "Baba, fatuna amana a hannunka. Ka san Mama da firjinta."

Da ya ce kula da su kawai, da da sauƙi. Amana ya ce.

Kwana biyu da tafiyarsa Hajiya ta tashi yin taron mata, matan abokan aikin Alhaji. Aka dafa zoɓo da kunun aya aka jera robobi, wuri ya ƙare. Ta kira ni kicin, jakar tana hannunta, ta riƙe ta da yatsa biyu.

"Malam, ɗauke mini wannan. Shekara uku ina haƙuri da mushe a cikin abincina."

"Hajiya, ya ce zafi..."

"Kai ma ai kana da na'urar sanyi a ɗakinka. Ka rungume ta ku kwana."

Na kai jakar ɗakina na buɗe, don amana ba a riƙe ta ido rufe. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Fatu biyu ne, an yanka su dogaye kamar ɗamara, kowace an ninke ta ciki ya haɗu da ciki. Gashin gajere, a wasu wuraren ya fara sanƙo. Da na ja don in buɗe sai da na sa ƙarfi, ta rabu da wani sauti mara daɗi. Cikin duk danƙo ne, yana kama yatsa, ga ƙananan ganyaye da datti sun manne. A wurinmu fatar da gashinta ke zuba, cikinta yana yauƙi, kwananta ya ƙare. Abin da ya ɗan ɗaure mini kai shi ne ba ta wari, amma na ce shekara uku a firji, kuma akuyar Turai ce, wa ya san me take ci.

Sai wani tunanin ya zo ya ƙara mini nauyi. Ya taɓa gaya mini cewa a gasa, in sun kai sama, a cikin riga suke cusa fatun, a ƙirji. Ɗanyar fata, ta akuyar da ba a san wanda ya yanka ta ba, ko ma an yanka ɗin, a jikin ɗan Musulmi, wataƙila ma ya yi salla da rigar.

Na kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Na aika masa da saƙon murya, na ce, "Yallaɓai, Hajiya ta fitar da fatunka daga firji, kuma na duba su na ga suna neman lalacewa. In gyara maka su?" Na saurari saƙon sau uku kafin in tura, don kada in yi ƙari ko ragi. Bayan awa biyu amsa ta zo. Hoton babban yatsa ne a ɗage.

Washegari na je kasuwar Utaiƙa wurin masu kayan ƙamshi da saiwoyi, na samo bagaruwa, su garad suke ce mata. Na roƙi Hajiya aron turmi, na gaya mata abin da zan daka don kada in ɓoye komai, ta ce in dai zai hana abin nan dawowa firjinta in daka har turmin. Na jiƙa garin a bokitin roba a bayan ɗakina, na tsoma fatun biyu, ina juya su safe da yamma. Ba zan yi ƙarya ba, kwana biyun nan na ji daɗi. Warin ruwan bagaruwa ya mayar da ni gida. Har ina tsara yadda zan miƙa masa su, in ce masa daga yau ko a kan rufin mota ya bar su ba abin da zai same su.

A rana ta uku na shimfiɗa ɗaya a kan katako, na ɗauki bayan wuƙa tunda ba kartaji, na fara kankarewa. Danƙon yana fita dunƙule-dunƙule. Na ce madalla. Na ƙara ƙarfi, wuƙar ta ɗan ci wuri guda, sai na ga zare. Na goge wurin da babban yatsa. Saƙa ce, layi-layi, irin ta tamfol. Na ƙara kankarewa gaba kaɗan, sai ga rubutun boko, manyan baƙaƙe huɗu da lamba.

Karatuna bai yi nisa ba, amma na san Allah bai halicci akuya da rubutu a ciki ba.

Na zauna a ƙasa a gefen bokitin. Daga baya ne na fahimci komai. Gashin dai na akuya ne, aski aka yi mata, tana can da ranta tana kiwo. An saƙa gashin a jikin ƙyalle, aka shafa wa bayansa gam na musamman wanda yake kama katako kuma ya saki in an fizga. Danƙon da na yi kwana uku ina yaƙi da shi, shi ne rabin abin. Sunan fata kuwa tsohon suna ne da ya bi abin tun zamanin kakanninsu.

Na naɗe su a jarida na nufi unguwar Gubaira, wurin wani mutumin Maraɗi mai ɗinkin kujerun mota, wanda muka zo ƙasar nan a shekara ɗaya. Ya buɗe jaridar ya duba, ya shinshina, ya dube ni.

"Ɗan majema, me na gani haka? Ƙyalle ka jeme?"

"Fata aka ce mini."

"Gobe in aka ce maka motar Alhaji doki ce sai ka ba ta dusa."

"Ka bar wasa. Gam nake so, wanda zai kama."

"Gam kam akwai. Wannan da kake gani, in na manna rufin mota da shi sai dai a sayar da motar da shi."

Ya shafa da burushi, muka jingina su a inuwa muna shan shayi. Ya kamata in tsaya a nan in yi tunani, amma mai tsoro ba ya tunani sai gudu. Bayan awa guda muka duba. Gam ɗin ya ratsa ta inda wuƙata ta ci, ya shiga gashin, ya bushe. Fatun da suke naɗuwa kamar rawani suka sandare, launinsu ya koma ja mai duhu. Mutumin Maraɗi ya ɗaga ɗaya ta tsaya a miƙe.

"Kilishi," ya ce. "Saura yaji."

Ban yi dariya ba, shi ma ya daina. Ya tambaye ni yaushe iƙamata za ta ƙare, wato takardar zama. Na ce ƙarshen watan nan, takardun sabuntawa suna kan teburin Alhaji, hannu kawai ya rage ya sa. Ya ajiye kofinsa.

"To saurara. Alhaji ne kafilinka, da sunansa kake zaune a ƙasar nan, in ya ce halas, an gama, jirgi za ka hau. Mayar da su jaka, ka mayar firji. Yaron ba zai buɗe ba sai ya isa can. In ya buɗe, zafin filin jirgi ne, ko ma'aikatan kaya. Wa zai kawo bagaruwa a ransa a ƙasar ƙanƙara?"

"Amana ya ce."

"Su ma na gida amana ne. Mutum nawa ke ci daga hannunka?"

Na bi shawararsa, wannan ma sai na faɗa. Taron Hajiya ya wuce, na lanƙwasa fatun da ƙyar, ɗaya har ta yi ƙara, na tura su cikin jaka, na mayar aljihun firji lokacin da ba kowa a kicin. Ran Laraba na ɗauko shi daga filin jirgi, ya rame ya yi baƙi yana murna, wai agogonsa ya ce bai taɓa kai wannan ƙarfin ba. Ya buɗe firji ya ga jakar, ya taɓa ta daga waje, ya ce, "Na gode, Baba." Na ce ba komai.

Daga ranar ban ƙara sanin raka'a nawa nake yi ba. In na tayar da sallar azahar sai in tsinci kaina a zaune ban san ta biyu ce ko ta huɗu ba. Na wuce mararrabar gidanmu sau biyu da Alhaji a mota. Abin da ya fi damuna ba ƙaryar ba ce kaɗai. Na san yana da wasu fatun a Turai, ko da ba su kai waɗannan ba. In ya sani yanzu, yana da kwanaki da zai kira tsohon Baturen nan su nemi dabara. In bai sani ba, sai ranar da ya buɗe jakar a gindin dutse, wataƙila ana gobe gasa. Shiruna zai iya cinye masa abin da bagaruwa ta rage. In kuma na yi magana, ga takarda a kan tebur ba sa hannu.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci suna falo su uku, an gama cin abinci. Na shiga kicin na ɗauko jakar, na yi sallama, na durƙusa a bakin kafet.

"Lafiya, Malam?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, laifi na yi, na zo in faɗa da bakina."

Na zazzage jakar. Fatun suka faɗo a kan kafet da ƙara kamar faranti. Na faɗi komai daga farko, firji, bagaruwa, wuƙa, Gubaira, har da kwana biyun da na yi shiru. Sunan mutumin Maraɗi kawai na riƙe.

Yaron ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa. Ya ɗauki ɗaya ya shafa gashin gaba, ya shafa baya. Ko ta ina ɗaya ne.

"Baba, me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Na tambaya, Yallaɓai. Na ce in gyara, ka ɗaga mini yatsa."

"Na zaci gyara... ka gyara musu wuri. Kamar gyara ɗaki."

"Gyara ɗaki daban, gyara fata daban," in ji Hajiya. "Da ka zauna ka koyi Hausa da ba a kai nan ba."

Ni dai Alhaji nake kallo ta gefen ido. Ya miƙa hannu aka ba shi ɗayar. Ya ƙwanƙwasa ta a hannun kujera. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, marar sauti, har ya cire tabarau yana share ido.

"Shekara shida," ya ce. "Na yi faɗa, na yi lallashi, na turo masa kawunnansa. Ashe maganin yana kasuwar Utaiƙa. Kai Badamagare, ku dai ba ku taɓa zuwa Kano da alheri ba, amma wannan harin na yafe."

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

"Na sani, na sani. Kuskure." Ya kashe mini ido ɗaya.

"Wallahi kuskure ne."

"Kada ka yi rantsuwa, ba wanda ya tuhume ka."

Akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa, ya saba tsokanata ni ma ina ramawa daidai gwargwado. Amma ranar ba wasa na zo yi ba, kuma na ga yaron ya ɗago yana kallon ubansa, sannan ya juyo yana kallona. Ya tattara fatun ya shiga ɗakinsa. Har magariba ana jin muryar tsohon Baturen ta bayan ƙofa, kuma ranar ba lambobi yake faɗa ba.

Washegari da safe Alhaji ya miƙo mini takardun iƙama daga kujerar baya, da sa hannunsa, ya ce in biya in kai ofis. Na karɓa. Na so in ce ya ajiye sai ya yarda kuskure ne, amma hannuna ya riga bakina.

Ran Lahadi na kai yaron filin jirgi. Muka yi ta tafiya har muka wuce rabin hanya. Sannan ya ce, yana kallon gaba, "Abba ne ya sa ka?"

"A'a."

"Ko Mama?"

"Ba wanda ya sa ni. Na ga fata tana lalacewa ne, ni kuma abin da na iya ke nan."

Can ya ce, "Da ba ka faɗa ba, da sai ran Alhamis zan buɗe."

"Na sani."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da muka isa ya sauke kayansa, ya ba ni hannu, ya shiga.

Ya yi gasar da wasu fatun da Baturen ya aro masa. Mun kalla a wayar Hajiya, ni ina tsaye a bayan kujera. Duk sun rufe fuska, ban gane shi ba sai da Hajiya ta nuna da yatsa. A hawan farko yana cikin na gaba. A hawa na biyu na ga mutum biyu sun wuce shi, a hankali, kamar masu tafiya kasuwa. Bai tsallake ba, da ɗan kaɗan. Ko fatun ne, ko ƙafarsa ce, ko waɗancan sun fi shi ne kawai, na tambaye shi sau ɗaya bayan ya dawo, ya ce ba wanda zai iya sani. Na fi son ya ce ni ne, ko ya ce ba ni ba ne. Wannan amsar ba a kwana da ita lafiya.

Yanzu yana ofis. Ni nake kai shi da safe, yana baya da kwat yana duba waya, ya yi ƙiba kaɗan, Hajiya tana murna.

Ni kuma na zama abin nunawa. Duk baƙon da ya zo daga Kano, in an ci an sha, sai Alhaji ya aika a kira ni. "Ga shi nan," yakan ce. "Ku gan shi shiru-shiru. Malam, gaya musu yadda ka yi." Sai in tsaya a bakin kafet in faɗa yadda aka yi, tsakani da Allah, ba ƙari ba ragi, in ƙare da cewa kuskure ne. A nan suke fi yin dariya. Wani baƙo, mai babbar riga, da zai tafi ya ja ni gefe wajen mota, ya rage murya. Ya ce yana da ɗa da ya nace wa buga ganga a wata ƙungiyar mawaƙa, ko zan samu lokaci in zo in duba fatar gangar.